Haƙoran Sallau a Kan Rufi

Sallau a goye ya shigo ƙasar nan, yana ɗan shekara biyu, bai ma san an tsallaka wata iyaka ba sai ranar da ya fara neman aiki. Yanzu shekararsa arba'in da ɗaya, direban bas, ga tumbi ga sanƙo, amma duk shekara biyu sai ya je ofishin shige da fice ya roƙi a ƙara masa izinin zama, kamar baƙon da ya zo suna ya ƙi tafiya. Saura kwana tara izinin ya ƙare. In ba a sabunta ba, sai jirgi. 'Yarsa Hanne kuwa, da aka haifa a nan, ita za a bari.

Ran nan da azahar yana ɗakin jira, Hanne na gefensa tana wasa da haƙorinta mai girgiɗi. Mura ta sa kansa ya yi nauyi. Lambarsa ɗari biyu da sha huɗu, allo na nuna sittin. Ya ce bari ya ɗan runtsa.

Sai daɓen ya zama ruwa, kujeru suka zama kwale-kwale, kowa na tuƙi da fayil ɗinsa, ba mai yin gaba. Wani ƙadangare cikin rigar sanyi ya hau gwiwarsa.

"Ba ka gane ni ba? Ni ne wanda innarka ke cewa ka ɓoye wa giɓinka."

"Ai ƙasar nan babu ƙadangare."

"Kai ma a takarda babu kai. Tashi mu je."

Suka hau wata matakala ta takardu, duk wadda ya taka sai ta ce, "Na ƙare." Can sama wani hatimi ne a hakimce, ƙato kamar turmi, bakinsa jajir da tawada.

"Kawo shaidar a nan ka girma," in ji Hatimi.

"Ranka ya daɗe, ga takardun makaranta."

"Takarda kowa na iya bugawa."

"Ai ku kuka buga."

"Shi ya sa muka sani."

Ƙadangare ya ja ƙafar wandonsa, sai ga su bisa rufin garejin gidan da Inna ta fara haya. Duk haƙorin da ya faɗi masa yana yaro, sai ta tasa shi gaba cikin ƙanƙara ya jefa a nan, yadda ake yi a Gumel, maƙwabta na leƙe ta taga. To, ga su nan su ashirin, sun tsiro farare tas kamar masara, saiwoyinsu sun huda siminti sun shige ƙasa.

"Ni a cikin tuffa na faɗi, kana aji ɗaya," in ji na farko.

"Ni ɗan maƙwabta ya fitar da ni, ranar da ya ce ka koma garinku," in ji na biyu.

Hatimi ya matso ya shinshina. "Haƙoran nono ne. Su ma na wucin gadi ne. A ba shi shekara biyu, in an ga dama."

Nan Sallau ya ɗaga murya.

"Wucin gadi? Shekara talatin da tara! A ƙasarku na binne uwata. Gwiwata a kan birkinku ta ƙare. Ɗan goye wane laifi ya yi? Ku kama zanen mana, shi ya tsallako da ni!"

Hatimi ya yi hamma. "Shi ma muna nemansa."

Sallau ya buɗe baki zai ƙara, sai haƙoransa na girma suka fara zubowa a tafinsa, kowane da ranar ƙarewa a jikinsa. Hatimi ya tashi sama, ya nufo goshinsa.

"Baba! Baba!"

Ya farka firgigit, miyau a gemu. Allo na nuna saba'in da ɗaya. Hanne ta buɗe masa hannu, ga ɗan haƙori da jini-jini.

"Ya fita. Ka ce a kan rufi ake jefawa. Wanne, na nan ko na can?"

Sallau ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya naɗe shi a takardar lambarsa, ya cusa cikin fayil.

"Rufe bakinki tukuna," ya ce. "Bari mu ji ta bakinsu."