Unguwar Da Ta Warke

Shekara uku na yi ina aiki a lambun da ƙungiyarmu ta buɗe a bayan asibitin unguwa. Aikina awon yara ne. In ɗora su a sikeli, in zagaya musu ɗan tef a dantse, in rubuta ja ga mai tamowa, ko rawaya, ko kore ga mai lafiya. Shi ya sa matan suke kirana Mai Awo.

Filin a da juji ne. Da muka zo ba wadda ta kalle mu, don sun sha ganin masu farar mota. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a unguwar take aure, sai na je na durƙusa mata. Ta saurare ni tana tsintar shinkafa. Washegari sai ga ta da fartanya da mata goma sha ɗaya a bayanta. Wata biyu suka yi suna tono leda da fasassun kwalabe daga ƙasar nan, har yatsun Gwaggo suka tsattsage. Ofis ya kawo tanki da tiyo da injin jan ruwa mai aiki da hasken rana.

Lambu ya karɓa. Alayyafo, kuɓewa, karas, tumatir har ana ba maƙwabta. Duk Laraba mukan ɗora tukunya a ƙarƙashin rumfa, in nuna musu yadda ganye ba ya son dahuwar da za ta kashe shi, su kuma su yi mini dariya wai 'yar boko za ta koya wa uwarta girki. A shekarar farko yara goma sha tara na rubuta da ja. A ta uku babu ko ɗaya.

Ranar da nake haɗa rahoton ƙarshen shekara, Baba Direba ya leƙo ta kafaɗata. Ƙungiya huɗu ya yi wa tuƙi kafin tamu.

"'Yata, ki bar musu ja ko guda biyar ne a takardar nan."

"Haba Baba, ƙarya kake so in yi?"

"Ni dai na faɗa miki. Masu ba da tallafi ja suke bi, ba kore ba."

Na yi dariya, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na tura rahoton yadda yake, har da hoton Gwaggo riƙe da kabeji kamar kan jariri.

Bayan sati uku Oga ya tara mu a ɗakin taro. Aka kashe fitila, aka haska rahotona a bango, aka yi mini tafi. Sannan ya gyara zaman tabarau ya ce masu tallafi sun ji daɗi ƙwarai, unguwar ta warke, an yaye ta. Za mu koma wata unguwa a can ƙarshen gari, inda buƙata ta fi.

"To kayan ruwan fa, ranka ya daɗe?"

"Kayan ƙungiya ne. Da su za mu tafi."

"Damina saura wata huɗu. In aka cire injin, sati biyu lambun ba zai kai ba."

"Ai abin da muke koyarwa ke nan, dogaro da kai."

"Da me za su yi ban-ruwan, da yawu?"

Oga bai yi fushi ba, da ma ya yi. Murmushi ya yi, ya ce wannan zafin zuciyar shi ne abin da yake so a ma'aikaci, kuma tunda shugabar matan gwaggona ce, ni ta fi dacewa in kai musu labari.

Na rubuta wasiƙa biyu zuwa ga manyan ƙungiya. Ta farko aka amsa da godiya. Ta biyu ba a amsa ba. Na yi ta ja da ranar, kullum in ce gobe zan faɗa musu, in je in same su suna dashen albasa in kasa. Har ranar kwashe kayan ta zo ban buɗe baki ba.

Da hantsi muka isa, ni da Baba Direba da mai gyaran famfo. Matan suna cikin kunyoyi, suka ɗago suna mana sannu da zuwa. Gwaggo ta dubi sifana a hannun mai gyara.

"Lalacewa ya yi? Ai yanzu muka gama ban-ruwa da shi."

"A'a, Gwaggo. Tafiya za mu yi da shi."

Na yi bayani. Na ji kalmomin Oga suna fitowa daga bakina, har da yayewar. Wata mai goyo ta kwashe da dariya mara daɗi.

"Au, laifinmu shi ne yaran sun yi ƙiba? Da kin faɗa mana, Mai Awo, ai da mun riƙa hana su abinci ranar awo."

Ba wadda ta taya ta dariyar. Gwaggo ta goge hannunta a zani, ta matso kusa da ni yadda sauran ba za su ji ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wata guda."

"Kina kallo muka dasa albasar nan."

Ta juya ta ce wa matan kowa ta kawo bokiti da robar gidanta. Suka tsaya a layi suna tatsar tankin har ɗigon ƙarshe, mai gyara yana jira. Baba Direba ya ƙi fitowa daga mota. Ni na riƙe tsani aka sauko da faifan hasken rana.

Sun yi ƙoƙari. Na ji an ce sati biyar suka yi suna ɗauko ruwa a ka daga famfon bakin titi, kafin masu shaguna su hana su. Tumatir ya fara tafiya, sai alayyafo. Yanzu wani mai faci ya kafa rumfarsa a wurin.

Ni kuwa an ba ni takardar yabo a cikin gilashi, an ƙara mini matsayi. Hoton Gwaggo da kabejinta yana bangon ofis, shi baƙi suke fara gani in sun shigo.

Na je gaishe ta sau ɗaya. Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta kawo mini ruwa a kofin baƙi, ta tambayi aiki da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na tashi tafiya ta raka ni har ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in gai da mahaifina.