Miyar Santsi

Pyo Deok-su ya ture kular miyar zuwa ƙarshen teburin gadonsa, ya juya mata baya.

"Baba, da zafinta fa," in ji Nas Yeom ta cikin takunkumi da rigar ledar da ta rufe ta ruf. "Tun safe matarka ta kawo ta bakin ƙofar asibiti. Yau ka cika saba'in."

"Na sani. A ɗauke."

Duk birnin Daegu babu wanda bai san cewa ba a bikin zagayowar ranar haihuwa sai da miyar ganyen teku ba. Amma kowa ya san ba a shan ta ranar jarrabawa, domin santsi gare ta, mutum zamewa yake yi. Shi kuwa Deok-su ganau ne. Yana saurayi ya sha ta, ya tafi jarrabawar aikin gwamnati ya faɗi warwas, ya ƙare a tuƙin tasi.

Yau ma jarrabawa gare shi. Likita ta yi masa bayani tun zuwansa da korona: fararen ƙwayoyin jini iri biyu take dubawa, masu hargowa da ke yawaita idan kumburi ya tashi, da masu tsaro da cutar ke cinyewa. Idan na farko suka rinjayi na biyu sosai, jiki na shirin rikicewa ke nan, ko da mutum na zaune yana hira. Nasa lissafin ya kai tara. In ya ƙara hawa, sai ɗakin masu na'urar numfashi, inda aka kai maƙwabcin gadonsa shekaranjiya. Da sassafe aka ɗebi jininsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, sai dai ya gwammace ya huce a kan miya.

Wayarsa ta yi ƙara. Fuskar matarsa Gil-ja ta cika gilashin, rabin goshi da hanci.

"Baban Hye-rin, ka sha?"

"Kashe ni kike so ki yi? Sakamako nake jira!"

"Ji tsohon banza! Jinin da aka riga aka ɗiba ne zai zame a cikin kwalba?"

"Ke ba ki san komai ba. Wancan karon..."

"Wancan karon rashin karatu ne ya kayar da kai, kowa ya sani. Har mahaifiyarka ta faɗa min."

Sauran marasa lafiyan ɗakin suka fashe da dariya, dariyar ta koma tari. Deok-su ya kife wayar. Abincin rana ya zo ya koma, bai taɓa ba. Cikinsa na ƙugi, ƙamshin man riɗi na fitowa ta gefen murfin kular, shi kuwa gogan ya ƙura wa silin ido.

Da yamma likita ta shigo. Deok-su ya nemi ya karanci fuskarta, babu fuska, sai idanu a bayan gilashi mai gumi.

"Baba Pyo, lissafin ya sauko zuwa huɗu. Masu tsaron sun fara dawowa. A nan za ka zauna da mu har ka warware."

Bai san sanda ya kama hannunta da hannu biyu ba. Ɗakin ya ɗauki tafi. Ya share ido da hannun riga, ya kira gida yana washe baki.

"Maman Hye-rin! Na ci! Kin ga amfanin ƙin sha?"

Gil-ja ta fara kuka, kukan ya rikiɗe dariya har wayar na rawa.

"Faten shinkafar da nake aiko maka kullum, wanda ka ce ya fi na asibiti, me kake tsammani koren nan da ke ciki?"

"Alayyafo."

"Ganyen teku ne, niƙa shi nake yi. Jiya ma kwano biyu ka tashi da shi."

Nas Yeom ta juya tana gyara ledar ƙarin ruwa, kafaɗunta na girgiza.

"Baba," ta ce, "jibi ma fa akwai wani gwajin."

Ya dubi matarsa, ya dubi kular. Ya jawo ta ya buɗe. Miyar ta daɗe da hucewa.

"Miƙo min cokali, 'yata."