Injin da Lado Ya Cire

Da kafilin ƙanena Lado, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasa mai tsarki, ya rasu a shekarar 2011, magada suka ba shi wata uku ya bar garejin unguwar Khumra inda ya shekara talatin yana kanikanci. Abin sallamarsa wata tsohuwar mota ce ƙirar Amurka ta 1969, baƙa, doguwa, wadda marigayin ya yi tashen samartaka da ita. Lado ya ji ana gwanjon irinta a bakin teku. Ya ƙudura da kuɗinta zai koma Gusau ya buɗe garejin kansa, don ba mai ɗaukar nauyin iƙama, wato takardar zama, ta ɗan shekara sittin.

Mutanenmu sun yi imani ba a kai kaya kasuwa sai an gyara shi. Rago ma wanka ake masa. Mako shida Lado ya yi a ƙarƙashin motar. Ya kankare fentin ya fesa ja, ya yaye fatar kujeru ya sa yadi mai laushi, ya cire injin da ya ce shan mai kawai ya iya, ya dasa na Japan.

Na ce, "Ka kuwa tambayi masu saye abin da suke so?"

"Yaya Rabi'a, ke littafi kika sani. Wa yake ƙin sabo?"

Ranar gwanjo na bi shi. Motar farko mutum huɗu ne suka turo ta, duk tsatsa, ko tashi ba ta yi. Lado ya fashe da dariya. Mai shela ya fara daga riyal dubu ɗari biyu, dariyar ta tsaya. Dubu ɗari biyar. Dubu ɗari tara, halas, an sallama.

Lado ya damƙe hannuna. "Yaya, riyal ya ce? Innalillahi! In gawa ta kai haka, tawa fa?"

Aka shigo da tasa tana sheƙi. Wani dattijo cikin masu saye, Abdulghaffar, ya ɗaga murfin gaba, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ya akhi, ina injinta?"

"Na sa mata sabo," in ji Lado yana murmushi. "Ga sanyin esi, ga..."

"Wa ya aike ka?" in ji dattijon. Ya nuna wata lamba a jikin motar, ya ce irinta ce a jikin injin asali, kuma wannan haɗuwar ake saye, ba sheƙi ba. "Kawo min injin ko da tsatsarsa, a haɗa da motar, na ba ka miliyan ɗaya yau."

Lado ya zauna daɓas a ƙasa.

"Tashi mana," na ce. "Yana ina? A gareji?"

"Na ba Abdulwahid."

"Masuncin?"

"Ya ce yana neman abu mai nauyi da zai riƙa ɗaure jirginsa. Muka zuba masa siminti. Ni na taya shi jefa shi."

Dukanmu uku muka juya muka dubi tekun.

Mai shela ya yi ta kira, ba wanda ya wuce dubu talatin. Lado ya sallama. Yanzu yana Gusau, a garejin wani yake aiki.