Ranar da Aka Kwashe Laburare

Ciyaman yana tsugune, yana danna tayar babur cikin baho yana neman inda iska ke fita, sai ga Malama ta fito daga laburare da sauri, mayafinta na jan ƙasa.

"Baba Ciyaman, motar ofis na hanya. Littattafan nan za su kwashe."

Bai ɗago ba. "Su kai ina?"

"Wata unguwa. Sun ce tunda aka kawo mana su, ko ɗaya ba a taɓa ara ba."

Sai a nan ya saki tayar.

Faci ne sana'arsa. Ciyaman kuwa masu sana'ar layin ne suka naɗa shi, lokacin da aka mayar da ɗakin da ke tsakanin shagon tela da gareji ya zama laburare. Sun zaɓe shi ne don yana da murya, kuma ba ya jin nauyin kowa. Karatunsa bai wuce haɗa baƙi da ƙyar ba, amma riƙon amana ya iya shi har ya yi yawa. Ranar da littattafan suka iso sababbi fil, ya dubi hannunsa, ya dubi na bakanike, ya dubi na mai walda, ya yanke hukunci: babu mai taɓawa. Kafinta ya haɗa kabad mai gilashi, mai walda ya ɗaura mata ƙarfe, shi kuma ya danna kwaɗo ya rataye makulli a wuya. Da rana sukan shigo su baje ƙarƙashin fanka, su kalli littattafan ta gilashi kamar masu kallon talabijin, su ɗan yi gyangyaɗi, su koma bakin aiki. Malama, wadda aka turo ta kula da wurin, ta yi magana har bakinta ya bushe. Amsa ɗaya take samu: "Kayan jama'a ne, 'yata. Ba a wasa da su."

Motar ta tsaya a ƙofa. Direba ya fito yana sauke kwalaye. Ciyaman ya tare shi, hannu na ɗigar ruwa.

"Kai, ɗan samari, shiga ka duba. Ko ƙura ba ta taɓa su ba."

"Ai ita ce matsalar, Baba."

"Yau na ga abu! Mun adana kaya, an ce mun yi laifi?"

Direban ya ɗaga kafaɗa. "Ni aiko ni aka yi. Abin da na tarar a kabad shi zan loda. Wanda yake hannun mai aro, ba ruwana da shi."

 Ciyaman ya juya ya dubi Malama. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

"Tela!" ya kwarma. "Kawo wa baƙo kujera da ruwa mai sanyi. Kada ka bari ya tashi."

Ya bi layin yana dukan rodi da guduma. "Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa! Laburare!"

Suka fito, mai walda da tabarau a goshi, bakanike baƙi ƙirin har gwiwar hannu, wanzami da almakashi, har wanda ake yi wa aski ya biyo su da rabin kai. Ciyaman ya cire makulli. Kwaɗon ya ƙi buɗuwa, tsatsa ta cinye shi. Mai walda ya ce a ba shi hanya, ya yanke ƙarfen da shi da kansa ya ɗaura, yana yi yana mita.

"Kowa ya ɗauka," in ji Ciyaman.

Babu wanda ya motsa. Bakanike ya ɓoye hannuwansa a baya.

"Ciyaman, kai ka ce duk wanda ya taɓa sai ka karya masa yatsa."

"Ni na faɗa, ni na janye. Shugabancin ke nan. Ɗauka!"

"In ya yi datti fa?"

"Ya yi," Malama ta ce. "Littafin da bai yi datti ba, ba a karanta shi ba."

Kafin ka ce me, wuri ya kaure. Malama na rubuta sunaye, su kuma suna wawaso. Mai shayi ya ɗebi rungume guda ya ce na 'ya'yansa ne. Matar tela ta aiko a ɗaukar mata mai hotuna. Ciyaman ya tsaya sai da kowa ya gama, sannan ya miƙa hannu ya ciro wanda ya fi duka kauri, don ba zai yiwu a ga shugaba da ƙaramin littafi ba.

Direba ya leƙo, ya ga kabad wayam. Ya shanye ruwansa, ya mayar da kwalayensa mota yana dariya. "Zan ce musu na tarar an riga ni."

Da motar ta ɓace, Malama ta ɗaga murya. "To, ba a gama ba. Duk wanda ya dawo da nasa, sai ya faɗa mini abin da ke ciki." Ta dubi na hannun Ciyaman, ta toshe baki. "Baba, ka san me ka ɗauka? Na koyon aikin ungozoma ne."

Layin ya fashe da dariya. Wanzami har da riƙe ciki. "Allah ya ja zamanin Ciyaman ungozoma!"

"In canza maka?" in ji Malama.

"Na ɗauka na ɗauka."

Ya koma rumfarsa, ya zauna kan tsohuwar taya, ya buɗe tsakiya. Ya ga hoto, ya rufe da sauri yana salati. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya sake buɗewa a hankali, ya ɗora yatsa ƙarƙashin layin farko, leɓensa na motsi. Ya juya shafi. Ya ƙara juyawa.

Mai babur, wanda tun ɗazu yake tsaye a rana, ya gaji.

"Baba, tayata fa?"

"Dakata," in ji Ciyaman, bai ɗago ba. "Yanzu kan yaron ya fito."