Na'ura a Ƙirjin Auta

'Ya'yana biyu ne, kuma babu mai jin magana a cikinsu. Babban muna ce masa Dogo, direban tankar mai ne. Ƙaramin shi ne Auta, tela, shagonsa na jikin ɗakina. Bango ɗaya ya raba mu, ƙarar kekensa ce ke tashina da safe.

Kamfanin su Dogo duk shekara sai sun ɗebi jinin direbobi. Bana nasa ya fito da matsala. Ni na raka shi wurin likitar kamfanin, don na san in shi kaɗai ya je zai dawo ya ce min ƙalau.

Likitar ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta duba, ta ce bugun zuciyarsa daidai yake.

"To shi ke nan," in ji Dogo, har ya jawo rigarsa.

"Zauna tukuna," ta ce. "Akwai wani sinadari da zuciya ke saki cikin jini idan tana wahala, naka ya yi yawa. Wata zuciyar takan rikice ta yi bugu barkatai, sannan ta koma daidai kafin a kama ta. Mai ita ma ba ya ji. A lokacin ne jini ke dunƙulewa, in gudan ya haura kai sai ɓarin jiki ya shanye."

Ta liƙa masa wata 'yar na'ura kamar filasta a ƙirji, ta ce ta yi mako biyu a jikinsa tana sauraro. In ta kama wani abu za a ba shi magani, a sauke shi daga mota a mai da shi gareji.

Tun a hanya ya fara ƙunƙuni. "Ni a gareji, Mama? Ina miƙa wa mutane sifana?"

Na ce gara gareji da makara.

Wata rana da zafi ya tsananta na shiga shagon Auta da ruwan sanyi, na tarar ya cire riga yana ɗinki. Ga na'urar nan liƙe a ƙirjinsa.

"Auta, mene ne wannan?"

Ya yi dariya. "Ajiyar Yaya ce. Ni zuciyata lafiyarta ƙalau, Mama, aro na ba shi."

Ranar sun sha faɗa. Na ce ku biyu in an haɗa ku ba za a samu hankalin mutum ɗaya ba. Na ɗauki mayafi zan tafi wurin likitar, Dogo ya tare ƙofa. Ya ce in kamfani ya ji an yi musanya, ba gareji ba ne kuma, kora ce, kuma ga iyalinsa. Auta ya ce saura kaɗan a cire, in yi haƙuri.

Ran da aka karanta na'urar Dogo ya dawo jiki a sanyaye, da kwalin magani a hannu. Ya zauna a bakin ƙofata.

"Mama, ta kama. Sun ce sau da yawa. Sun sauke ni daga mota."

"Ta kama wa?" na ce.

Ya juya ya dubi ɓangaren shagon Auta. Daga bayan bango keke na ta aiki.

Wallahi tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Auta kuwa ko a jikinsa. Wai girgizar keke ce ta ruɗa na'urar. Na matsa masa har ya je wani asibitin daban. Bai faɗa musu abin da ya kawo shi ba, don kada maganar ta koma kan yayansa. Suka manna masa wayoyi, suka ga bugu daidai, suka sallame shi. Ya dawo yana tsokanata, wai tsohuwa ta fi likita sani. Na ce ya koma a ɗebi jininsa, ya ce sai ya gama kayan mutane. Tela kuwa yaushe yake gama kayan mutane?

Na san duk tsayuwar kekensa. Na san ta yanke zare, na san ta canja allura. Ta ran nan da hantsi daban ce, a tsakiyar ɗinki ya tsaya. Na jira, bai ci gaba ba. Na same shi ya kife a kan teburin keken, ƙafar dama ta zame ƙasa, baki ya karkace. Yana kallona yana son ya ce Mama, abin ya ƙi fita.

A asibiti likitan da ya karɓe shi ya fito ya same mu a baranda. Dogo na tsaye da kayan gareji, duk baƙin mai.

"An taɓa samun matsala a zuciyarsa?"

Na juya na zuba wa Dogo ido. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin maganin.

"Wannan nasa ne," ya ce. "Sunana ne a jiki, amma zuciyarsa aka auna." Ya faɗi komai.

Likitan ya juya kwalin a hannunsa. "Da tuntuni yana shan wannan..." Ya ɗago ya dubi Dogo. "To kai fa da jininka ya nuna, wa ya saurari taka?"

Babu wanda ya saurara.

Kamfani sun sallami Dogo. Yanzu kullum yana ɗakina, shi ke juya ƙaninsa a kan katifa, shi ke ba shi abinci a baki. In ya sunkuya ina hango na'urar ta wuyan rigarsa, wannan karon a ƙirjinsa take. Wandon da Auta ya fara yana nan a ƙarƙashin allura. Mai shi ya zo karɓa, na ce ya bar min shi tukuna.