Dutsen Kabarin Len Haworth

Howard Tattersall ya gama sassaƙa sunan mamacin da shekarunsa, ya hure ƙurar dutsen, ya ajiye guduma. Saura layi ɗaya. Mako uku ke nan layin nan ya hana dutsen fita daga shagonsa.

Bernice, wadda ta ba da aikin, tana zaune a kan wani dutsen kabari da bai samu mai shi ba tukuna, da kofin shayi a hannu, ko rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi ba ta cire ba. Rabaran Pickering, mai kula da cocin ƙauyen, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da takardar ƙa'idojin maƙabarta. Takardar ta ce a harabar coci Father, wato Mahaifi, ake rubutawa. Ba a yarda da Dad, wato Baba, ba.

"Ai duk abu ɗaya ne, Bernice," in ji Rabaran. "Ɗaya ta cikin gida ce, ɗaya ta gaban jama'a. Kamar silifa da takalmin zuwa coci."

"Ba ɗaya ba ne."

"Na duba ƙamus."

"Ƙamus bai san Len ba," ta ce. "Ina da Father, Rabaran. Yana can bakin teku da ransa, yana kiwon kare. Ya bar mu ina shekara huɗu, ya tafi da talabijin. Len ya auri uwata, Doreen, ina shekara shida. Shi ya koya mini hawa keke, shi yake riƙe mini kai in mota ta sa ni amai, shi ya kawo ni gabanka ranar aurena. Ban taɓa ce masa Father ba. Da na faɗa, da sai ya waiwaya ya ga wa ya shigo."

Howard ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma yawancin karatun da ya yi bayan nan a jikin dutse ya yi shi. Amma ya sassaƙa kalmar Father ta fi sau dubu, ya kuma ga fuskokin masu biɗarta.

"Father aikin minti biyar ne," ya ce. "Dad aikin shekara arba'in."

Rabaran ya yi tari. "Howard, ba a mashaya muke ba."

"Shagona ne."

"Ba ni na kafa dokar ba," in ji Rabaran. Gajiya ce a muryarsa, ba faɗa ba. "In na sa hannu, na sama da ni za su iya cewa a tumɓuke dutsen. Kina iya kai kuka wurinsu, Bernice. Zan taya ki rubutawa. Yakan ɗauki shekara."

"Uwata shekararta tamanin da uku. Duk Lahadi sai na tura ta a keken guragu ta kai fure gaban wani katako mai lamba da aka kafa a kabarinsa. Jiya ta tambaye ni ko za ta ga dutsen. Wace shekara za ta jira?"

A waje ruwa ya fara yayyafi a kan duwatsun da ke jingine da bango. Howard ya dubi na Len, ya auna shi da ido daga sama har ƙasa. Ƙafa huɗu ne tsawonsa. Uku za su tsaya a sarari, ɗaya za ta nutse cikin ƙasa don ta riƙe sauran.

"Rabaran, takardar nan taka ta ce wani abu a kan abin da ke cikin ƙasa?"

Rabaran ya gyara tabarau, ya karanta gaban takardar, ya juya bayanta, ya sake komawa gaba.

"Fuskar dutse kawai ta ambata."

"To, a fuska zan sa shi mijin Doreen ne. Wannan ba ƙarya. A gindi kuma in sa abin da yarinyar nan take so."

"Shekarata hamsin da biyu, Howard."

"Na san ki kina tsotsar yatsa."

Rabaran ya ninke takardar, ya cusa a aljihu, ya ce bari ya je ya duba kekensa kada ruwa ya jiƙa sirdin. Ya fita, ya ja musu ƙofa.

Bernice ta taso ta tsaya a gaban dutsen, tana kallon gindinsa inda ko gogewa ba a yi ba.

"Ba wanda zai gani," ta ce.

"Masu wucewa za ki gaya wa, ko shi?"

Howard ya kwantar da dutsen, ya ɗauki fensir ya zana haruffa uku a wurin, ya ɗora bakin ƙarfen sassaƙa a kan na farko, ya ɗaga guduma.

"Dakata," ta ce.

Ya tsaya da guduma a sama.

"Ka ƙara musu girma. Idonsa ba shi da kyau."