Kitson Gezar Bujor

Ina tsallaka shinge na hango takunkumin rataye a reshen tuffa, shi kuwa Bujor ya dulmiya baki cikin ɗanyar ciyawa. Bujor ƙuru ne, guntun dokin maƙwabciyata Domnica, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. Ya fi rabin mutanen ƙauyen nan wayo, wannan kuma ba wani yabo ba ne.

Domnica tana kallona ta taga, daga gadon da ba ta ƙara sauka ba tun bikin Ista.

"Malam Octavian, ya sake kayar da kai?" in ji ta.

Na ce mata dokinta ɗan iska ne. Ta ce ai shi ya sa jininmu ya haɗu.

Ba wasa ba ne. Likitan dabbobi ya ce sabuwar ciyawar bayan sanyi tana kumbura masa kofato. Takunkumin yana da 'yar huda a ƙasa, don ya riƙa tsinka kaɗan kaɗan. In ya ci ya ƙoshi sau ɗaya, yana iya gurguncewa. Ɗanta Sorin kuma ya faɗa ta waya daga Italiya cewa ba zai riƙe gurgun doki ba, mahauta za su zo su ɗauka.

Na tsuke maɗaurin, Bujor ya goga kai a shinge ya zame shi. Na ƙara igiya, ya tsinke ta. Ran nan Domnica ta kira ni bakin gado, ta ce ita a cikin gezarsa take kitse maɗaurin, bayan kunnuwa, sai dai yatsunta sun daina jin maganarta.

"Ka iya kitso. Na sha ganinka a baranda kana yi wa Ileana, lokacin da take kwance."

Tun da na binne matata ba wanda ya ambaci sunanta a gabana, wai suna tausaya mini.

Kitson ya riƙe. Kullum da safe sai in warware in sake, in jawo shi gindin taga ta duba. Wata safiya na jawo shi, ba wanda ya ɗaga labule.

Ranar jana'izar Domnica na tsaya a maƙabarta bayan kowa ya watse, ina da wani kabarin da zan gaisar. Da na dawo, an shimfiɗa tebura a tsakar gida don sadakar mamaciya, fada, limamin coci, yana kan kwano na biyu. Takunkumin yana kan kujera, da guntun kitsona a jiki. Veta, ƙanwar mijin Domnica, ita ta sa almakashi.

"Yau ranar sadaka ce, Malam. Ba bakin da za a ɗaure a gidan nan, ko na dabba. Bari ya ci, ladan ya kai mata."

Na sami Bujor can ƙasan fili, ciki ya yi tim. Na taɓa kofaton gaba, da zafi. Na ja shi zuwa rafi, na shiga da shi cikin ruwan sanyi don kofaton ya huce, da takalman jana'izata da komai.

Sorin ya biyo mu da kofi a hannu, ya tsaya a gaɓa.

"Baba Octavian, ya gurgunce ne?"

"Wanka yake. Koma ka ci abincin uwarka."

Ya ɗan tsaya, ya koma.

Ruwan ya kai mini gwiwa, ƙafafuna suka mutu. Daga gidan ana jin ƙarar cokula da muryar fada. Bujor ya gaji da fizga, ya jingina kansa a cinyata, muka tsaya a nan har inuwar itatuwa ta haye rafin.